Ɗingishin Alhamis

Azumin bana ya faɗo mana a cikin zafi. Nan Doha kuwa in an ce zafi, ba irin namu na gida ba ne da za ka gudu gindin bishiya ka sami sa'ida. Wannan da danshin teku yake zuwa, kana fitowa daga mota tabarau ya yi hazo, riga ta manne maka a baya kafin ka kai ƙofar masallaci. Ni direba ne a gidan wani Balarabe a Madinat Khalifa, shekarata ta tara ke nan. Aikina bayan azahar shi ne in je tashar jirgin cikin gari ta wajen Al Rayyan in ɗauko 'yar kafil ɗina, wato maigidan nawa, mai karatu. Nakan ajiye mota in shiga ciki in sha sanyi, in zauna ina kallon jirginsu. Jirgi ba direba, ba gadi, ba mai tuta. Ya zo ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce, ko uban wa ya bari a baya ba ruwansa. Sai yarinyar ta fito ta ce, "Yalla, ammi Habu," wato taso, Kawu Habu, in tashi mu tafi.

Malamai na cewa azumi yana zagayawa ya dawo inda ya baro bayan shekara talatin da 'yan kai. To, ya zagayo ya same ni. Irin wannan azumin na ƙarshen bazara na yi ina saurayi a tashar Marke, shekarar da na raba wani dattijo da aikinsa da gidansa. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya gyara zama yana tsammanin labarin jarumta.

Tashar Marke ƙarama ce, in kana gyangyaɗi a jirgi ba za ka san an wuce ta ba. Ɗaki biyu ne da baranda, rufin kwano, ƙararrawa rataye a jikin ginshiƙi, sai layi biyu, ɗaya na wucewa ɗaya na kaucewa in jirage sun haɗu. Turawa suka gina ta saboda gyaɗa da auduga. Tsofaffi sun ce da aka kafa ta ba gida ko ɗaya a wurin, sai bishiyar marken da ta ci sunanta. Leburorin da suka shimfiɗa dogo su suka fara kafa bukkoki, masu tuwo suka biyo su, mahauci ya biyo masu tuwo, aka wayi gari ga ƙauye har da masallacin Juma'a. Lokacin da na zo an daɗe da daina lodin gyaɗa. Ƙaton tankin da ake shayar da injin gawayi yana nan tsaye a kan ƙafafunsa, ba ɗigo a cikinsa, tantabaru sun mai da shi gida.

Amma tashar tana aikinta. Jirgin fasinja na tsayawa sau biyu a mako, minti uku-uku, kuma duk rayuwar ƙauyen sai ta dunƙule ta shige cikin minti ukun nan. A sauke gishiri da kananzir da goro, a miƙa wasiƙu, a cusa akuya, a ɗaga mara lafiya daga amalanke a kai shi asibitin birni, mata suna miƙa fura da dafaffen ƙwai ta taga. Ladan ma da ƙararrawarmu yake gyara agogonsa. Sai kuma jirgin kaya na ranar Alhamis, wanda ke jawo taragon ruwa. Tanki ne guda, ana bi da shi tasha-tasha ana zuba wa ma'aikata, domin yawancin tashoshin layin ba su da rijiyar kirki. Minti goma aka yanka masa a wurinmu, daidai cika gangunanmu shida.

Mu uku ne ma'aikata. Akwai shugaban tasha, Mista Yohanna, mutumin kudancin Zariya, kowa Masta yake ce masa, har liman. Akwai ni, mataimakinsa, sabon fitowa daga makarantar horo, agogo a hannu, karin guga a wando, ina jin kaina kamar ni na ƙera jirgin. Sai Baba Ilu mai juya hanya, dogon dattijo siriri, wanda ya fi shekara ashirin a tashar. Shi ke juya makullan dogo, shi ke kunna fitilun sigina, shi ke kai sanda. A layi guda irin namu direba ba ya motsawa sai an damƙa masa sanda, wani guntun ƙarfe kamar muciya da ake zarowa daga na'ura a ofis, shaidar cewa hanya tasa ce shi kaɗai har tasha ta gaba. Jirgin kaya dogo ne, daga ofis zuwa kan inji akwai 'yar tafiya.

Baba Ilu da matarsa Iya Gambo suna zaune a gidan ma'aikata bayan tasha. Sun dasa zogale da lemun tsami, sun kewaye da darni. 'Ya'ya biyu Allah ya ba su, duka ya karɓe tun suna ƙanana, kaburburansu suna maƙabartar ƙauyen. Ni gwauro ne, don haka Iya Gambo ta ɗauke mini girki ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Daminar da ta gabata ta yi gardama. Gero ya fitar da kai ke nan ruwa ya ɗauke, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun fara amsa kuwwa. Rijiyoyi uku ne a ƙauyen, biyu suka ƙafe, ta ukun sai a zura guga a jira, a jawo rabinsa laka. Fulani suka kora shanunsu kudu, daji ya zama fayau, kana iya hango jirgi tun yana ɗan ɗigo. A haka azumi ya kama.

Da an idar da sallar asuba mata ke fita zuwa busasshen rafi, su tona yashi har iya kafaɗa, su zauna da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsatso. Mai sa'a ta dawo da rabin tulu da hantsi. Maza su tafi sharar gona, su tara kara su ƙone, su kai taki a kan jakunan da haƙarƙarinsu ya fito, kowa yana ɗaga kai yana duban gabas. Kafin azahar an watse. Kwanon ofis ya ɗauki zafi har yana ƙara shi kaɗai, dogo kuwa in ka kuskura ka taɓa sai ya ɗauke maka fata. Iska tana rawa a kan layi. Harshe ya yi nauyi a baki, mutum ya daina magana sai da dalili. Kaji su buɗe baki su kwanta a ƙarƙashin benci, ko ka kore su ba sa tashi. Ruwan alwala a kwano ake tare shi a ba su, na wanke-wanke a zuba wa lemun tsami, wanka kuwa sai Juma'a, shi ma da kofi. Da la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a fito ana ta addu'a, sai iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da ƙasa a ido. In rana ta faɗi Iya Gambo ta aiko mini da kunun tsamiya tsararo, wanda kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa, da ɗan kwaɗon zogale. Na san daga bakinsu ta rage, ina sha ina sani.

Ranar Alhamis ita ce sallar ƙauyen. Tun kafin jirgi ya yi kuka mata sun jeru a gefen layi da tuluna da garewani. Jirgi ya tsaya, a jawo tiyo, a cika gangunanmu, ni kuma in zaro sanda in ba Baba Ilu. Sai in ga dattijo ya dafa gwiwar dama, ya ja ƙafa, ya yi taku uku ya tsaya, ya cire hula ya share zufa, ya gaisa da gadi mai kula da taragon ƙarshe, ya tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai kan inji an ci rabin awa. Duk wannan lokacin tiyo yana zuba a tulunan mata.

Alhamis ta farko, tun ba a fara azumi ba, na ƙyale shi. Ta biyu raina ya ɓaci, na tsaya a baranda na ɗaga murya.

"Baba, ɗaga ƙafa mana, lokaci ya wuce."

Ya juyo a hankali ya ce, "Akawu, ka yi haƙuri. Ƙafar ce ba ta yi makaranta ba, ba ta iya karatun agogo."

Mata suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, kai dai riƙe agogonka da kyau kada ya tsere." Suka ƙara tuntsirewa. Na koma ofis kunnuwana suna zafi, kuma wallahi ban manta ba.

Washegari da safe na ga abin da ya ɗaure mini kai. Baba Ilu ya hau tsanin sigina zai zuba kananzir a fitila, ya haye sama kamar ƙadangare, da zai sauko ma tsalle ya yi daga mataki na uku. Na je na sami Masta.

"Masta, ƙafar Baba Ilu lafiyarta ƙalau."

Bai ko ɗago daga takardarsa ba. "Yau Alhamis ce?"

"Juma'a."

"To, ai shi ya sa." Ya ajiye biro ya dube ni ta saman tabarau. "Habu, wannan ɗingishin ya girme ka a aiki. Wanda Ilu ya gada ma yana yi, sai dai shi ta hagu yake ja. In rijiyoyi suka kawo ruwa ƙafar ta warke, in suka ƙafe ta tashi. Direba ya sani, gadi ya sani. Tankin nan kuwa ko ba a ba matan ba, da ragowa yake komawa."

"To me muke rubutawa a dalilin jinkiri?"

"Shanu a kan hanya."

"Kullum Alhamis?"

"Shanun wajen nan suna son Alhamis," in ji shi, ya ci gaba da rubutunsa.

Azumi bai daɗe da kamawa ba Masta ya tafi gida hutun Ista, ya bar mini tasha. Kwana uku da tafiyarsa takarda ta zo daga babban ofis, ana tambayar dalilin da jirgin Alhamis ke ɓata rabin awa a Marke kowane mako, a ba da amsa da jirgi na gaba. A lokacin sunana yana cikin waɗanda za a mayar babbar tashar birni, inda akwai lantarki da famfo, kuma na ƙwallafa rai a kai har mafarkinsa nake yi. Na san takardar tuhuma guda ta isa a cire ni.

Na zauna da biro, zufa tana ɗiga a kan tebur. Na ce wa kaina ina azumi, ba zan yi ƙaryar shanu ba, balle duk wanda ya leƙo ta tagar jirgi ya san ko saniya ɗaya ba ta rage a dajin nan ba. Na ce wa kaina ciwo ba laifi ba ne, ba wanda za a hukunta don ƙafarsa na ciwo. Sai na rubuta layi uku da Turanci, cewa mai juya hanya yana fama da ciwon ƙafa, ba ya iya kai sanda a kan lokaci. Har daɗi na ji, ina ganin na yi dabarar da ta fi ta Masta. Wai ni mai gudun ƙarya, na bar wadda ba ta cutar da kowa na ɗauki wadda ke da sunan mutum a jiki. Kuma in zan faɗi gaskiya, ba tsoro kaɗai ya riƙe biron ba, dariyar matan nan ma tana ciki.

Da Masta ya dawo na nuna masa kwafin da alfahari. Ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a kan benci.

"Ta tafi?"

"Tun makon jiya."

"Habu, Habu." Ya cire tabarau ya murza idanu. "Ka san abin da ya sa muke rubuta shanu? Shanu ba su da lamba a ofis, ba a aika musu sammaci. Ilu yana da lamba."

Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Bayan kwana biyar aka aiko takarda cewa Baba Ilu ya je birni likitan ma'aikata ya duba shi. Ba ya karatun boko, kuma don ƙarin azaba ni aka ba in karanta masa. Na same shi bayan la'asar a gindin marke yana tufkar igiyar guga. Na karanta, na fassara. Bai daina tufka ba.

"Wa ya gaya musu ƙafata na ciwo?"

Na shiga ninke takardar.

"To," ya ce. "Masta dai ba ya nan. Jirgi kuma ba ya rubutu."

"Baba, abin mai sauƙi ne. Ka je ka miƙe a gabansu, in ta kama ka yi gudu, su ga lafiyarka lau."

Sai a lokacin ya ɗago. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da na fi samun sauƙi.

"Akawu, in na miƙe, tambaya ta gaba mece ce? Mai lafiya me ya sa yake tsare jirgin hukuma? Wa ya sani ya yi shiru? Ka ga ni, ga Masta, ga direba, ga gadi, mutum huɗu ke nan, kowa da iyali. In na ɗingisa kuwa ni kaɗai ne." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Je ka, an kusa shan ruwa."

Masta ya gaya mini akwai hanya ɗaya. In wanda ya rubuta ya sake rubutawa ya ce kuskure ya yi, bai bincika ba, sabon shiga ne, to za a iya janye kiran likita, shi kuma Masta ya san yadda zai lallaɓa sauran. Amma rahoton ƙarya zai shiga fayil ɗina, birni kuma sai dai in ji ana labarinsa. Bai tilasta mini ba, ya ce in yi shawara da zuciyata.

Na rubuta takardar, Allah shi ne shaida. Na ninke ta na sa a aljihun gaba. Jirgin Talata ya zo, na tsaya gaban gadi da jakar wasiƙu, hannuna ya kai aljihu ya dawo. Na ce sai na Asabar, in ƙara gyara Turancin. Na Asabar ya zo, shi ne ma wanda Baba Ilu ya hau zuwa birni, ina kallo ya kama ƙarfe ya ja ƙafar dama ya shiga. Takardar tana aljihuna, zufa ta jiƙa ta har tawada ta ɓata mini riga. Na kaɗa ƙararrawa jirgi ya tashi.

Baba Ilu ya dawo bayan kwana uku da tasa takardar. Likita ya ga dattijo yana jan ƙafa, ya rubuta abin da ya gani. An yi masa ritaya saura shekara huɗu lokacinsa ya cika, an ba shi wata guda ya bar gidan ma'aikata. Ran nan na shige ɗaki na rufe, na ce yau ko ruwan ganga ya ishe ni. Rana na faɗuwa sai ga sallama. Iya Gambo ce da kanta, da kwanon kunu.

"Malam Habu, an sha ruwa lafiya?"

"Lafiya lau, Iya." Na kasa duban ta.

"Karɓi mana, hannuna ya gaji. Yau har da ɗan sukari, daga birni ya zo da shi."

Ban taɓa shan abin da ya yi mini wuyar haɗiya kamar kunun nan ba, kuma na shanye, don yunwa ba ta san kunya ba.

Alhamis ta gaba wani sufeto ya biyo jirgin, yana zaune a taragon gadi da littafi a hannu. Ba a aiko sabon mai juya hanya ba tukuna, saboda haka ni zan kai sanda. Aka cika ganguna, aka juya tiyo kan tulunan mata, na zaro sanda na fito baranda. Mata wajen arba'in a jere, ba wadda ta dubi fuskata. Ƙafafuna suke kallo, dukkansu. Na ji kamar in nutse. Na dubi taragon gadi, na dubi agogo, na taka tsaf-tsaf kamar soja har kan inji. Direba ya karɓi sandar ya daɗe yana kallona kafin ya ja kuka. Aka fizge tiyo ruwa yana zuba a kan duwatsun layi, yara suka ruga suna tara hannu. Tulu bakwai aka cika. Iya Gambo tana can wajen ƙarshen layi, ta ɗora garwarta a ka yadda ta zo da ita.

Makon da ya biyo ba sufeto, ba kowa. Da na ga dama da na ja ƙafa, ba mai hana ni. Ban yi ba. Tsoro bai sake ni ba, ga kuma girman kai, wai yaya za a yi ɗan boko da karin guga ya yi ɗingishi mata suna kallo. Da sabon ma'aikaci ya zo, baƙo ne, ba wanda ya yarda ya koya masa, tunda an ga abin da ya sami na baya. Mata suka koma tafiyar rabin yini zuwa wata rijiya a ƙauyen gaba, da azumi a bakinsu. Gida biyar suka kwashe suka bar Marke kafin ruwa ya sauka, ban ji sun dawo ba.

Bayan ƙaramar salla da kwana shida Baba Ilu ya tashi. Garinsu na asali zai koma, Rijiyar Baushe, inda rabonsa da zama tun yana saurayi. Da safe suka je maƙabarta shi da Iya Gambo. Duk ƙauyen ya fito rakiya. Jirgi ya tsaya, cike da ma'aikatan layi masu dawowa daga hutu, sai Baba Ilu ya ɗauki wata sandar gora ya dogara, ya ratsa dandamali yana jan ƙafa. Da ya zo daidai ni ya tsaya ya miƙo mini makullai.

"Na gabas yana cijewa, a riƙa zuba masa baƙin mai. Lemun nan kuma kada a bari ya mutu, ya kusa fara 'ya'ya."

"Baba," na ce, na karɓi makullan.

"Allah ya ba ka birnin, Akawu."

Minti uku suka cika, na kaɗa ƙararrawa. Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta yi ƙamshi, mutane suka fito suna tsayawa a ciki da tufafinsu. Birnin ma na samu. Ban yi shekara goma ba jirage suka yi ta raguwa, aka rage ma'aikata da ni a ciki, na koma tuƙin mota, tuƙin da ya kawo ni nan. Wani da ya bi ta Marke ya ce mini iska ta yaye kwanon tashar, a kan dandamali ake shanya barkono. Masta ya rasu a garinsu, na sami labari a makare. Sau nawa na ce in na je hutu zan nemi Rijiyar Baushe, sai in je in dawo ban nema ba.

Juma'ar da ta wuce ina hutu, na je shan ruwa wani masallaci a Nu'aija inda 'yan Arewa kan taru. An shimfiɗa leda, ga dabino, ga shinkafa tire-tire, ga ruwan sanyi kwali-kwali, wanda ya sha rabi ya yar ba mai ce masa don me. Na zauna kusa da wani mai gadin kamfani, Nasiru, mutum mai kimanin shekara arba'in. Muna 'yar hira kafin a kira salla na tambaye shi garinsu. Ya ce Rijiyar Baushe.

"Ka san wani Malam Ilu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa?"

"Ilu gurgu? Kawu, wa bai san shi ba? Bayan gidanmu yake. Allah ya ji ƙansa, ya daɗe da rasuwa."

"Gurgu kuma?"

"Da sanda yake zuwa masallaci. Muna yara mu bi bayansa muna kwaikwayon tafiyarsa, Allah ya yafe mana. Ko gona ba ya iya zuwa, matarsa ke fama. Aka ce a wurin aiki ya samu ciwon."

Ban sani ba ko tsoro ne ya riƙe shi, kada magana ta koma ofis a taɓa fanshonsa ko a taɓa su Masta, ko kuwa ƙafar ce ta saba har ta manta. Na ce, "Nasiru, mutumin nan ƙafarsa lafiya lau take. Ni na san shi. Tsani yake hawa da gudu."

Ya yi dariya. "Haba Kawu, wani dai kake nufi. Ni fa da idona na gan shi, shekara da shekaru."

"In ka kira gida, ina so a haɗa ni da iyalinsa. Akwai maganar da zan gaya musu."

"Wane iyali? Iya Gambo ta bi shi ba da daɗewa ba, kuma ba su bar ɗa ba. Gidan ma an raba, khalas, shi ke nan." Ya turo mini dabino gabana. "Bashi ne?"

"A'a."

Ladan ya kira salla, kowa ya kai hannu. Ni ina zaune ina lissafa mutanen, Masta, Iya Gambo, direba, gadi, tsofaffin matan Marke. Na nemi wanda zan roƙa gafara na rasa. A garinsu kaf gurgu suka sani, gurgu suka binne, kuma iya sanina ba wanda ya rage da zai shaida Baba Ilu yana tafiya a miƙe sai ni da na rubuta cewa ba ya iyawa.